Ƴar tagar sama da birkila ya ce a bari, tana fidda zafi da gaske?

Wa alaikumus salam ƙanena. Na karanta tambayarka. Ka ce kana gini ta bayan Ƙofar Ƙaura, ɗaki biyu da falo, birkilanka ya ce a bar ƙananan tagogi can sama kusa da silin don zafi ya riƙa fita, abokinka kuma ya ce ɓata bulo ne kawai, ƙura da ƙadangaru za ka buɗe ma hanya. Sannan ka ce ɗakin da kake haya yanzu ko ƙarfe biyun dare bai hucewa lokacin bazara, alhali soron kakarka a cikin gari ko da azahar ka shiga sai ka ji sanyi-sanyi. Shi ne kake tambaya wai da gaske zafi sama yake tashi.

To birkilanka ya yi gaskiya, amma rabin maganar ya faɗa maka, kuma in ka tsaya a rabin nan za ka yi tagar ka dawo kana cewa ba ta aiki. Na daɗe ina koyar da fiziks a sakandare nan Katsina kuma wannan darasin na cikin waɗanda na fi so, don komi nashi yana cikin gidajenmu, daga madafi har rufi, saboda haka ka yi haƙuri zan ɗan ja maganar.

Abu na farko da nake gyara ma ɗalibai shi ne, zafi shi kanshi ba ruwanshi da sama ko ƙasa. Daga inda ya yi yawa yake tafiya zuwa inda ya yi ƙaranci, ko ta ina ne. Ai kwanon rufinka daga sama yake gasa ka zuwa ƙasa. Abin da ke tashi sama ita ce iskar da ta ɗau zafi, ko ruwan da ya ɗau zafi, sai su tafi da shi. Tunda gini kake bari in yi maka misali da wurin gini. Akwai hanya uku da kaya ke isa ga magini. Ko dai lebura su jeru suna miƙa ma juna bulo hannu zuwa hannu kowa na tsaye inda yake, haka zafi ke bi cikin ƙarfe, shi ya sa in ka bar ludayin ƙarfe cikin miya sai mariƙin ya ƙona ka. Ko kuma a jefa, kamar yadda ake jefa ma magini tubali yana bisa katanga, haka zafin rana ke iso mu, haka kuma kake jin zafin garwashi a fuska daga nesa. Ta ukun ita ce ɗan dako ya ɗora kayan a ka ya taka da ƙafarshi ya kai. Wannan ta ukun ita ce maganarmu, a littafi ana ce mata konbekshin, wani Bature ɗan Ingila mai suna William Prout ya fara amfani da kalmar a wannan ma'ana a 1834, kuma asalinta a Latin ɗaukar kaya a tafi da shi take nufi. Ni dai a aji dakon zafi nake ce mata. Iska ko ruwa su ne ƴan dakon, zafi shi ne kayan. Shi ya sa ba ta faruwa cikin bulo ko ƙarfe, sai cikin abin da ke iya kwarara.

Mi ke sa ɗan dakon ya nufi sama? Nauyi ne. Mutane na ɗauka iska ba ta da nauyi, wallahi tana da shi. Ɗaki mai tsawon mita 4, faɗin mita 4, tsayin mita 3, iskar da ke cikinshi in tana digiri 20 ta kai wajen kilo 57, ka ga ta fi buhun siminti. In iskar nan ta yi zafi ta kai digiri 40 sai ta buɗe, ta kumbura, wani sashe ya fice ta ƙarƙashin ƙofa da kafofin taga, abin da ya rage a ɗakin bai wuce kilo 54 ba. Ɗaki ɗaya, cika ɗaya, amma mai zafin ta fi sauƙi da kilo uku da ɗoriya. To in mai nauyi da mai sauƙi suka haɗu wuri guda, mai nauyin ce ke kwantawa ƙasa ta tunkuɗa mai sauƙin sama, daidai yadda in ka danna gora cikin ruwa ka saki za ta yi tsalle ta taso. Gorar ba son sama take ba, ruwan ne ya fi ta nauyi ya shige ƙarƙashinta. Ka riƙe wannan da kyau don a nan amsar tagarka take: iska mai zafi ba ta fita don kanta, sai an samu mai sanyi da za ta shigo ta ƙasa ta turo ta.

Ka taɓa sa hita a bokiti lokacin hunturu? In ka rataye ta a bakin bokitin ta tsaya a sama-sama, bayan ka cire ta daga wuta ka sa hannu, saman zai kusa saluɓe maka fata, amma ka zura hannun ƙasa ka ji ruwa da sanyinshi kamar yanzu aka ɗebo. Ruwan da ya yi zafi ya riga ya samu inda yake so, yana sama, ba abin da zai sa ya sauko, saboda haka ba juyawa, dole kai ka garwaya da hannu ko da moɗa. Amma tukunya a kan murhu wutar daga ƙasa take, ruwan gindi ya yi zafi ya taso, na sama mai sanyi ya gangaro ya maye gurbinshi, shi ma ya ɗauka ya taso, haka nan har tukunyar duka ta ɗauka ba wanda ya motsa ta. In ka zuba ɗan ganyen shayi cikin ruwan tun kafin ya tafasa za ka ga hanyar da ido, yana tasowa ta inda wuta ta fi bugu yana sauka ta gefe. Dalilin da ya sa duk butar lantarki ƙarfen da ke zafi a gindinta ake sa shi ke nan.

Koko da kunu kuma su ne suka fi ba ni sha'awa. Kunu mai kauri ka aje shi, saman ya huce har ya yi ɓawo, ka yi kurɓar farko lafiya lau, ka zurfafa ludayi ka kai baki sai ka ji harshe ya tafi. Kaurin ne ya ɗaure ɗan dakon, kunun bai iya juyawa, zafin cikin sai dai ya lallaɓo a hankali. Wani masani da ake kira Count Rumford ya rubuta a 1797 cewa irin haka ta same shi da faten shinkafa, cokalin farko sanyi, na biyu daga ƙasa ya ƙona mashi baki, kuma abin ya daɗe yana damunshi sai ranar da ya lura da ƴan ƙananan ƙura cikin ruwan wani babban ma'aunin zafi da ya aje a taga yana hucewa, ya ga suna hawa ta tsakiya suna sauka ta gefe. Iyayenmu mata ba su jira shi ba, tun can suna fifita kunu da ludayi, su ɗebo su ɗaga su zubo, mai shayi ma yana sheƙa shayi daga kofi zuwa kofi. Wannan shi ne dakon dole, tunda abin ya ƙi juyawa da kanshi sai ka juya shi da ƙarfi. Fanka, lagireton mota da famfon da ke zagaya ruwan cikinshi, iskar da ke bugun injin babur in kana gudu, mahucin mai tsire, duk dangi ɗaya ne.

Dubi fitilar ƙwai ma in akwai saura a gidanku. Akwai ƙananan huji a ƙasa, akwai a sama ƙarƙashin hular. Toshe hanyar shigar iskar ka ga yadda wutar za ta yi ja ta fara hayaƙi. Kuma harshen wuta da ka ga ya yi tsini yana kallon sama, iskar nan da ke tashi ce ta ja shi haka. A tashar sararin samaniya da aka kunna wuta inda ba a jin nauyi, dunƙulewa ta yi kamar ƙwallo, don a can babu wata iska da ta fi wata nauyi balle ta tunkuɗa ta.

To mu dawo ɗakinka. Ɗakin nan fitilar ƙwai ne babba. Yau da dare ka yi wannan gwajin a inda kake haya: bayan isha'i sadda waje ya fara sanyi ɗakin kuma yana nan da huci, ka kashe fanka, ka buɗe ƙofa kamar faɗin tafin hannu, ka kunna turaren tsinke. Ka riƙe shi can saman ƙofar, hayaƙin zai nufi waje. Ka sauko da shi dab da ƙasa, zai nufo cikin ɗaki. A tsakiya kuma zai tsaya yana dabur-dabur. Ƙofa ɗaya amma hanya biyu ce a jikinta. Yanzu ka ɗaga kai ka dubi tazarar da ke tsakanin saman ƙofa da silin. Duk iskar da ke wannan wurin a kulle take, kamar ruwan da ke cikin ƙwarya sai dai wannan ƙwaryar a kife take, ita ce ta fi kowace zafi a ɗakin kuma ba ta da mafita don ƙofa da taga duk suna ƙasa da ita. Ƴar tagar birkila ita ce hujin da za a yi ma ƙwaryar. Saboda haka a yi ta, kuma a kai ta sama iyakar yadda lintal da bim suka bari.

Sai dai kar in yi maka zaƙin baki, ƙarfin da ke tura iskar nan ɗan kaɗan ne. A ɗaki mai tsayin mita 3, in bambancin ciki da waje digiri 5 ne, turin da ake samu bai fi wanda ƴar iska mai gudun mita ɗaya a daƙiƙa za ta yi ba, irin wadda da ƙyar take kaɗa labule. Shi ya sa huji biyu irin na bulo mai ado ba su yin komi, musamman in an liƙa masu ragar sauro mai ƙananan ido ƙura ta toshe ta. Ni a ganina ka yi taga sosai mai marfi, ko da gajera ce ta yi faɗi, da raga da za a iya cirewa a wanke. Kuma ka sa ta a bangon da ke fuskantar babbar tagar, ba bango ɗaya ba, don iska ta ratsa ɗakin ta bi ta kan gado. In akwai ɗan kaɗawar iska a waje to ita ce ma za ta yi mafi yawan aikin. A nan ƙasarmu iskar damina daga kudu maso yamma take zuwa, ta hunturu mai ƙura daga arewa maso gabas, ka ga abokinka ma yana da ƴar gaskiyarshi, maganinta marfi ne, in hunturu ya kama ka rufe.

Wani abin da mutane ke kuskure, su buɗe tagogi da tsakar rana a watan Afrilu wai a sha iska. Lokacin nan waje ya haura digiri 40, iskar da ka gayyato ta fi ta ɗakin zafi, ɗan dako ne ka kira ya shigo maka da kaya, bango da katifa su shanye su riƙa amayo maka da dare. Da rana a rufe a saki labule, da dare in waje ya huce a buɗe sama da ƙasa har asuba. Fankar silin ma haka, ita ba ta sanyaya iska, bugun jikinka kawai take don zufa ta bushe da sauri, kuma in ka kunna ta a rufaffen ɗaki da farkon dare iskar nan mai zafi ta saman take dannowa kanka, shi ya sa kake jin kamar ana hura maka wuta. Gara ka fara aje fankar tsaye a bakin taga ta jawo ta waje na ɗan lokaci. Fatar mutum wajen digiri 33 zuwa 35 take, in iska ta wuce haka to fanka zafi take kawo maka, bushewar zufa ce kaɗai ke ceto, saboda haka tsofaffi da yara a riƙa ba su ruwa sosai lokacin nan, ina roƙonka ka kula da wannan.

Amma babban abokin gabarka rufi ne, ba taga ba. Kwano da rana tsaka yana iya wuce digiri 60, yana jefo zafi kan silin, iskar da ke tsakaninsu ta zama tanda. In kafinta ya rufe wurin ruf ba kafa ko ɗaya, zafin ba shi da hanya sai ta cikin ɗakinka. Ka sa a bar mashiga a ƙarƙashin bakin rufin, a bar mafita a can ƙololuwa ko a bangon da ya yi tsini, a sa raga saboda jemagu da tsuntsaye, to nan ne dakon zafi zai yi maka aiki da gaske don bambancin zafin yana da yawa. Ka ɗaga rufin kuma in aljihu ya yarda, kuma kwano mai haske ya fi mai duhu nesa ba kusa ba, duk da na san baƙi da ruwan ƙasa ake yayi yanzu. In kana da halin shimfiɗa abin tare zafi a kan silin ka yi. Sirrin irin waɗannan kayan, da bargo, da rigar sanyi, da rufin ciyawa, duk ɗaya ne: iska ce aka ɗaure cikin ƙananan aljihu ta kasa juyawa. Iskar da ke tsaye cak da ƙyar take miƙa zafi, ƙarfe ya ninka ta fiye da sau dubu. Kaza ma da ka ga ta kumbura gashi da sanyin safe abin da take yi ke nan.

Soron kakarka kuwa, gaskiya ba taga ce babban sirrinshi ba. Kaurin bangon ƙasa ne da rufin azara da aka lafta ma ƙasa, zafin rana sai ya ɗau awoyi yana ratsawa, kafin ya iso ciki rana ta faɗi. Ga tsayi, musamman mai bakan gizo, iska mai zafi ta taru can sama nesa da kan mutane, ga ƴar taga ƙarama da ba ta barin rana ta shigo. Ka shiga tsohon ginin Kwalejin Katsina ko wani tsohon zaure a cikin gari da rana za ka ji abin da nake nufi. Amma ka tambayi kakar taka inda suke kwana a bazara, za ta ce maka tsakar gida, don bangon nan da dare yake sakin abin da ya sha. Bulon siminti mai rami shi ya haɗa maka biyun, ya ɗauka da wuri kuma ya riƙe har dare, musamman bangon yamma da ranar la'asar ke duka. Ka shuka bedi ko wani itace mai inuwa ta wannan ɓangaren tun yanzu, kafin ka tare ya fara tasawa.

Sauran kayan gida duk ka auna su da wannan ma'aunin. Esi a sama ake kafa shi don iska mai sanyi ta gangaro da kanta, kuma in ka sa shi to tagar saman nan a rufe. Firji kar a manna shi da bango, bayanshi ne ke zubar da zafi, yana son iska ta bi ta wuce sama. Firiza mai buɗewa ta sama ta fi riƙe sanyi in an ɗauke wuta, don ko ka buɗe sanyin na kwance a ciki, mai ƙofa a gefe kuwa kana buɗewa zai zubo maka a ƙafa. Sola ma in za ka ɗora kar a kwantar da farantan dab da kwano, a bar tazara iska ta bi ta ƙarƙashi, don duk digiri ɗaya da suka haura 25 suna rage wajen kashi 0.4 cikin ɗari na ƙarfinsu. Inbata da batir kuma kar a kulle su a kwaba ko ƙaramin sito mara taga.

In ka fita bayan gari wajen hanyar Jibiya ko Daura da hantsi ka ɗaga kai, shirwa da ka ga tana shawagi tana hawa ba ta kaɗa fiffike ba, kan iskar da ƙasa mai zafi ta tayar take zaune. Guguwar bazara da ke murɗe ƙura da leda ita ma daga nan take. Hadari ma haka, iska mai laima ta tashi, tana hawa tana hucewa, in busasshiya ce wajen digiri 10 duk kilomita ɗaya, har laimar ta dunƙule ta zama girgije, wani ya yi tsiri ya haura kilomita 12. Sanyin nan da ke bugowa da ƙura kafin ruwa ya sauko, ɓangaren da ke gangarowa ne. Da asubar hunturu kuma abin juyewa yake, ƙasa ta yi sanyi, iska mai nauyi tana ƙasa mai sauƙi tana sama, kamar bokitin hitar nan, ba juyawa, shi ya sa hayaƙin masu ƙosai da na bola ke kwantawa kan unguwa ya ƙi tashi sai rana ta ɗaga.

Wannan ya kawo ni kan abin da ba na son ka manta. Lokacin sanyi mutane na toshe duk wata kafa su shigo da kurfoti ko kaskon garwashi ɗaki su kwanta. Gawayi in yana ci a inda iska ba ta sabuntawa yana fidda wata guba da ba ta da wari ba ta da launi, ita ce kuma ke cikin hayaƙin janareto, nauyinta kusan ɗaya da iska saboda haka gauraya take da ita ta cika ɗakin, mutum ya ji ciwon kai da kasala ya ɗauka barci ne. An rasa iyalai ta haka a ƙasar nan. Kar ka dogara da ƴar tagar sama a kan wannan, ba ta isa ba, garwashi ya fita waje kafin a kwanta, janareto kuma nesa da taga da ƙofa. Gas na girki shi kuma ya fi iska nauyi, in ya yi yoyo ƙasa yake kwantawa, tagar sama ba ta ganinshi sam. Saboda haka ka ce ma birkilan a madafi kafa biyu zai bari, ɗaya can sama bisa inda murhu zai zauna don hayaƙi da tururi, ɗaya kuma dab da daɓe a bangon waje kusa da inda za a aje tukunyar gas, ita ma da raga saboda ɓeraye.